KONTAGORA: GA WUTA, GA HATSI, INA MASANA'ANTU?

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Ikko ko Badun zuwa Sakkwato ta babbar hanyar nan da ta bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, ya san Kontagora, ko da kuwa iyakar saninsa da ita tasha ce da rumfar masu tuwo. A nan direbobin manyan motoci ke yada zango, su duba taya, su yi salla, kafin su miƙa zuwa Yawuri da Jega. A nan kuma hanya ta rabu, wani reshe ya yi gabas ta Tegina zuwa Kaduna da Minna, wani ya yi arewa ta Rijau zuwa Zuru. Hausawa mazauna Sabo a Badun da Shagamu da Agege, da yawansu ta nan suke zuwa gida, ta nan kuma shanu da hatsin da suke ciniki ke gangarowa Kudu.

To, amma garin ya wuce matsayin zango. Hedkwatar masarauta ce babba a Jihar Neja, jihar da ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Kontagora kaɗai tana da mutum fiye da dubu 150. Masana tattalin arziki sukan ce abu huɗu ke kafa birnin masana'antu, watau kayan da za a sarrafa, da wutar da za ta juya injuna, da hanyar fitar da kaya, da hannuwan da za su yi aikin. Ba ko ɗaya daga cikin huɗun nan da Kontagora ta rasa. Duk da haka ba a lissafa ta cikin biranen masana'antu kamar Kaduna da Kano. Kayanta ɗanye suke fita, samarinta kuma su bi bayansu neman aiki. Wannan shi ne Bahaushe ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa, kuma ya kamata a duba yadda aka yi aka zo nan.

ASALIN GARIN

Wanda ya kafa Kontagora shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Laƙabinsa ya samo asali ne daga Gwamatse, garin da ya taɓa riƙewa a ƙasar Sakkwato. Mayaƙi ne wanda zama wuri ɗaya bai karɓe shi ba, saboda haka ya yi kudu da jama'arsa zuwa ƙasashen da ke tsakanin Yawuri da Zazzau da Nufe, ya kafa sansani a Wushishi. Cikin shekarar 1859 ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, wadda har yau ita ce sarautar sarakunan Kontagora. A 1864 ya kafa garin a bakin kogin da yanzu ake kira Kogin Kontagora. Masu ba da tarihi sun ce da ya iso wurin ya ga ya yi masa, sai ya umurci mutanensa su kwantar da gorunan ruwansu, watau tafiya ta ƙare. Daga "kwanta gora" aka sami sunan.

Ba daji kango ya tarar ba. Ƙasa ce ta Kambari da Dukkawa da Dakarkari da Kamuku da Gwari, manoma ne tun kaka da kakanni, kuma ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa yankin kafin su haye Kwara. Umaru ya rasu a 1876, ɗansa Abubakar Modibbo ya gaje shi har 1880, sa'an nan Ibrahim Nagwamatse ya hau.

Ba a iya ba da tarihin wannan zamani bisa gaskiya ba tare da an ambaci yaƙe-yaƙe da harin kama bayi ba. Garuruwa da yawa sun watse, mutanensu suka hau duwatsu ko suka shige ƙurmi don tsira. Abin da ya biyo baya shi ne ƙasa mai faɗi da albarka amma mai ƙarancin jama'a, kuma wannan hali ya daɗe yana bin tattalin arzikin masarautar har cikin zamanin Turawa.

YADDA JIRGI YA KAUCE

Cikin watan Janairu na 1901 sojan Turawa ƙarƙashin Kanar Kemball suka ci Kontagora. Sarki Ibrahim ya yi wajen ƙasar Zazzau, aka kama shi a 1902 aka kai shi Lakwaja, sa'an nan a 1903 Gwamna Lugga ya mai da shi gadonsa, inda ya zauna har rasuwarsa a 1929. Da farko Turawa sun ba garin girma, domin sun yi lardi guda mai suna Lardin Kontagora. Bugu da ƙari, a 1902 suka kafa hedkwatar Arewa baki ɗaya a Zungeru, kusa da Wushishi. A Zungerun nan aka haifi Dakta Nnamdi Azikiwe a 1904, aka kuma haifi Odumegwu Ojukwu a 1933.

Amma abu biyu suka juya wa Kontagora baya. Na farko hanyar jirgin ƙasa. Layin da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, na Ikko kuma, wanda ya biyo ta Jebba da Mokwa da Zungeru, ya haɗe da shi a Minna a 1912. Dogo ya bar Kontagora can arewa maso yamma, nesa da tasha. A wancan zamani kuwa, garin da jirgi bai taɓa ba sai dai ya yi dakon kayansa a kan jakuna da kawunan mutane zuwa inda jirgin yake. Na biyu, a 1917 aka ɗauke hedkwata daga Zungeru aka kai Kaduna. Cikin shekarun 1920 kuma aka rushe Lardin Kontagora, masarautar ta koma ƙarƙashin Lardin Neja.

Kaduna, wadda kafin zuwan Turawa ba wani birni ba ce, ita ta kwashe rabon. Ga mahaɗar jirgi, ga kogi, ga ofisoshin gwamnati da barikin soja. Da Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta tashi kafa masaƙa, can ta kafa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri tare da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Wasu masaƙun suka biyo baya, irin su Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai, a 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot, a 1980 aka buɗe matatar mai. Cikin shekara ashirin da 'yan kai Kaduna ta zama birnin masana'antu sosai, dubban ma'aikata na shiga aiki da jiniya suna tashi da jiniya.

AUDUGA DA GYAƊA

Rabon Kontagora a cikin wannan tsari shi ne ta noma, wasu su sarrafa. A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Turawa ta gwada cika ƙasar da manoma. An yi shirin tsugunar da jama'a a ƙasar Kontagora don su yi noma da garmar shanu. A Mokwa kuma, a 1949, aka fara wani babban shirin noma da tarakta, wanda aka rufe a 1954 bayan an yi hasarar kuɗi mai yawa. Dalilan faɗuwarsa darasi ne har gobe. Tarakta tana iya kaftu da huɗa, amma cirar ciyawa da girbi sai da hannu, gonakin kuwa sun fi ƙarfin iyalan da aka ba su, ga shi rabon amfanin gona tsakaninsu da kamfani bai yi wa manoma daɗi ba. Waɗanda suka tsara shirin sun zo da inji, ba su tambayi manomi ba.

Abin da ya yi tasiri shi ne ƙaramin manomi da gonarsa. Kontagora ta zama wurin tara auduga da gyaɗa, har aka kafa injin gurzar auduga a garin. Bayan kaka manomi ya kai audugarsa kasuwar awo, a duba ta, a ɗora a sikeli, a biya shi farashin da hukumar ciniki ta yanke tun kafin shuka. Da wannan kuɗi yake biyan haraji, ya ɗinka wa iyali, ya aurar da 'ya. Audugar kuma ta wuce masaƙun Kaduna ko tashar jirgin ruwa, gyaɗar ta bi sahun 'yan'uwanta da ake yi wa dala a Kano.

Wannan igiya ta tsinke a hankali. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun rushe dalar Kano. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. A 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin ciniki, manomi ya rasa tabbacin farashi da na iri mai kyau. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da rini da ake shigowa da su suka yi tsada. Wuta ta yi ƙaranci, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa ya yi wuyar samu. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa, wata ta ƙofa, wata ta fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki a 2007. Ranar da jiniyar Kakuri ta yi shiru, manomin auduga na ƙauyukan Kontagora ya ji a aljihunsa, ko da bai taɓa taka Kaduna ba.

JIHAR WUTAR LANTARKI

Babban abin mamaki shi ne sha'anin wuta. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964 aka gama a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Sai da aka tashi mutum fiye da dubu 40 daga gidajensu, tsohon garin Bussa ya nutse, kafin tafkin ya cika. Gefen gabas na tafkin yana taɓa ƙasar Magama, wadda ke cikin masarautar Kontagora. Madatsar Jebba mai megawat 578 ta biyo baya a 1985, ta Shiroro mai 600 a 1990, sa'an nan ta Zungeru mai 700 wadda aka gama a 2023. In aka tara su sun haura megawat 2,600, gwargwadon ƙarfin da aka gina su da shi. Saboda haka ne ake yi wa Neja kirari da jihar wutar lantarki. Tun cikin shekarun 1970 wutar Kainji ke bi ta Birnin Kabi har Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar.

Daɗin daɗawa, lokacin da aka sayar da hannun gwamnati a harkar wuta a 2013, kamfanin da ya karɓi tafiyar da Kainji da Jebba shi ne Mainstream Energy, ƙarƙashin shugabancin Kanar Sani Bello, ɗan Kontagora. Daga baya aka ƙara masa Zungeru.

Mai karatu zai ce, to, me ya hana wuta ta wadata a Kontagora? Amsar tana cikin yadda aka tsara harkar. Mai madatsa ba ya sayar wa maƙwabcinsa wuta kai tsaye. Yana tura ta ne cikin babban layin ƙasa, wanda wani kamfanin gwamnati ke kula da shi, daga nan a raba wa kamfanonin rarrabawa, kowane da kasonsa. Jihar Neja tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Abuja ne, wanda kuma shi ke ba Babban Birnin Tarayya da Jihohin Kogi da Nasarawa. Kusanci da ruwa ba ya ba gari fifiko. Abin da ke ba shi shi ne ƙarfin layin da ya iso shi, da lafiyar taransifomominsa, da yawan masu biyan kuɗi. Mai injin niƙa ko mai walda ko mai sayar da ƙanƙara, in wuta ta ɗauke, janareto yake tayarwa, kuɗin mai ya cinye ribar. Attajirin da ke shawarar inda zai kafa ma'aikata kuwa, lissafin nan yake fara yi kafin ya sayi fili.

An kafa hukumar HYPPADEC, mai hedkwata a Minna, don ta riƙa tallafa wa yankunan da madatsun suka shafa. Amma abin da ya fi muhimmanci ga masu son masana'antu shi ne dokar wutar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Ƙofar da ta daɗe a kulle ke nan aka buɗe.

ABIN DA KE FITA ƊANYE

Yau ƙarfin ƙasar Kontagora yana ga masara da dawa da gero da wake da shinkafa da waken suya da shanu da kaɗanya. Da kaka, tireloli ke layi ana loda musu buhuna. Masara da waken suya sukan tafi ma'aikatun abincin kaji na Badun da Jihar Ogun da Jos, ko kuwa babbar ma'aikatar da kamfanin Olam ya buɗe a Chikun ta Jihar Kaduna a 2017. Manomi kuwa a lokacin da kaya suka fi araha yake sayarwa, don bashin taki da kuɗin makaranta ba sa jira. Mai jari ya saye ya tara a sito, ya fito da shi da bazara ko tsakiyar damina sa'ad da farashi ya hau. Mai kiwon kaji a Kontagora kuma sai ya sayi abincin da aka haɗa da masarar ƙauyensu, bayan ta je ta dawo, an ɗora mata kuɗin mota sau biyu.

Haka sha'anin shanu yake. Kasuwar Mariga tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na jihar. A tsaye ake loda shanu a tirela, su yi doguwar tafiya zuwa Badun ko mayankar Oko-Oba ta Agege, suna ramewa a hanya, wani ma ya faɗi kafin a isa. Aikin fiɗa da na sayar da nama da ƙashi da ƙaho duk can ake yinsa. Fatar kuma, wadda majemun Kano na Challawa da Sharaɗa ke nema, sau da yawa ganda take zama.

Kaɗanya ita ce dukiyar mata. Jihar Neja ce kan gaba a Nijeriya wajen samar da ita. Da farkon damina mata ke sammako su tsince 'ya'yan da suka zubo, su cire naman, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su daka, su soya, su niƙa, sa'an nan su yi ta bugu da ruwa har man kaɗe ya taso. Aiki ne na kwanaki. Amma mafi yawan ƙwallon ɗanye 'yan kasuwa ke kwashewa zuwa waje, inda ake tace mansa a sa shi cikin cakulan da man shafawa masu tsada. Cikin watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, don a tilasta sarrafa shi a gida. Manufar tana da kyau, amma sai in akwai injin da zai saya a kusa. In babu, matar da ta tsinto ita ce farashi zai faɗo wa a ka.

Ba a ce abin ba ya yiwuwa ba. A Sunti, ƙasar Mokwa, kamfanin Flour Mills ya kafa gonar rake da ma'aikatar sukari, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2018. Injin yana nan kusa da gonar, aikin kuma ya zauna a wurin.

ZAMAN JAMA'A

Bayan Sarki Ibrahim, Umaru Maidubu ya yi sarauta daga 1929 zuwa 1961, sai Mu'azu Ibrahim har 1974. Alhaji Sa'idu Namaska ya hau a 1974 ya shekara 47 a kan gado, ya rasu a watan Satumba na 2021. Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu ne ya gaje shi, shi ne Sarkin Sudan na bakwai. Ko da yake gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon da suke da shi a zamanin En'e, har yanzu fada ce wurin da ake kai rigimar gona da ta makiyaya da manoma kafin ta kai kotu.

A 1967 Kontagora ta shiga Jihar Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, sa'an nan ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja. A 1978 aka buɗe babbar makarantar horon malamai ta Gwamnatin Tarayya, wadda ta zama Kwalejin Ilmi ta Tarayya, daga baya kuma aka kafa Jami'ar Ilmi ta Tarayya a garin. Akwai Barikin Nagwamatse, mazaunin sojan igwa, da babban filin horon soja. In aka duba da kyau, albashin malamai da soja da ma'aikatan hukuma, da kuɗin da ɗalibai ke kashewa, su ne suka tsaya wa garin a madadin albashin ma'aikata na masana'antu. Mai gidan haya da mai shago da ɗan acaɓa duk sun san ranar da albashi ya shigo.

Gari ne na kowa da kowa. Ban da Hausawa da Fulani da ƙabilun ƙasar, akwai Nufawa da Yarbawa da Ibo da suka daɗe suna kasuwanci, wasunsu a nan aka haife su. Musulmi ne mafi rinjaye, amma akwai Kirista da yawa, musamman a ƙauyuka. Cocin Katolika ya kafa shiyyar Kontagora a 1995, aka ɗaga ta zuwa cikakkiyar dayosis a 2020 ƙarƙashin Bishop Bulus Dauwa Yohanna.

Wajen manyan mutane ma garin bai yi baya ba. Kanar Sani Bello shi ne dogarin Janar Aguiyi-Ironsi a 1966, ya kuma yi gwamnan soja na Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978. Manjo Janar Mamman Kontagora ya yi ministan ayyuka da gidaje, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1995 zuwa 1998, sa'an nan ya yi ministan Abuja. Janar Inuwa Wushishi ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1981 zuwa 1983. Bisa ga tsarin karɓa-karɓa da jihar ke bi tsakanin shiyyoyinta uku, Alhaji Abubakar Sani Bello ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Akwai kuma masu neman a ƙirƙiro Jihar Kainji, wadda za ta haɗa masarautun Kontagora da Borgu da Zuru. Masu goyon baya sun ce za ta kawo gwamnati kusa. Wasu kuma sun ce sabuwar sakatariya ba ta juya inji.

GONA BA TA NOMUWA DA TSORO

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan zaman lafiya. Shekarar 2021 ta zo wa yankin da zafi. A watan Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a makarantar kimiyya ta Kagara. A watan Mayu suka kashe ɗan Sarkin Sudan, mai riƙe da sarautar Sardaunan Kontagora, a gona. A ƙarshen watan nan kuma suka tafi da yara fiye da ɗari daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, waɗanda sai a watan Agusta suka dawo. A watan Nuwamba na 2025 aka sace ɗalibai da ma'aikata fiye da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, wadda ke ƙarƙashin dayosis ɗin Kontagora, aka sako su cikin watan Disamba.

In ɗan sarki bai tsira a gona ba, ina ga talaka? Ƙauyuka da dama na Mariga da Mashegu da Rijau sun ga hari, mutanensu suka kwararo cikin gari. Garin yana ƙara cika, amma da manoman da aka raba da gonakinsu. Kowace gona da aka bari, buhunan hatsi ne da ba za su iso Badun da Ikko ba, kuma mai sayen tiyar wake a kasuwar Mile 12 yana biyan kuɗin wannan tsoro ko bai sani ba. Hanya ma haka. Lokacin da gadar Tatabu ta karye a 2017, da lokacin da ambaliya ta auka wa Mokwa a watan Mayu na 2025, an ga yadda cinikin Arewa da Kudu ya dogara ga 'yan gadoji ƙalilan.

ABIN DA YA RAGE

Tarihin Kaduna ya nuna birnin masana'antu yin mutum ne. An zaɓi wuri, aka kai masa dogo da wuta da jari. Faɗuwar Kakuri kuma ta nuna ma'aikatar da ta dogara ga kayan waje da kāriyar gwamnati kaɗai ba ta daɗewa. Saboda haka ba lallai Kontagora ta yi mafarkin harhaɗa motoci ba. Abin da ya dace da ita shi ne injunan da za su ci abin da ƙasarta ke fitarwa, watau na haɗa abincin kaji, da na casar shinkafa, da na matse man waken suya da man kaɗe, da mayanka mai ɗakin sanyi wadda za ta riƙa aika nama Kudu maimakon shanu a tsaye.

Wannan yana bukatar Gwamnatin Jiha ta yi amfani da dokar 2023 ta ware wa garin fili na masana'antu mai layin wuta na kansa daga madatsun da ke kusa. Yana bukatar Gwamnatin Tarayya ta riƙe hanyar Mokwa zuwa Kontagora zuwa Yawuri da ta Tegina a matsayin jijiyar abincin ƙasa, ta kuma tsare dazuzzukan da ke gefensu. Yana bukatar manoma da mata masu kaɗanya su haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama kai masu sito, don su daina sayar da guminsu a ranar da ya fi araha. Attajiran garin kuma, waɗanda Allah ya buɗa wa a Abuja da Ikko da Kaduna, lokaci ya yi da za su tuna cewa otal da gidan mai ba sa ɗaukar ma'aikata kamar yadda inji ke ɗauka.

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Kontagora ma ba a bukatar tono mai zurfi, ga ruwan nan yana juya injunan Kainji da Zungeru, ga hatsin nan ana loda shi kowace kaka. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kuma ba shugabanni ikon haɗa wutar da hatsin wuri ɗaya, amin.